Likkafar Dokin Ƙarfe

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da aka shelanta janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya kusa ninkawa sau uku kafin mako ya zagayo, kekunan da suka yi shekara da shekaru a jingine cikin zaurukan Birnin Kebbi da Argungu, gizo-gizo ya yi musu saƙa, tayoyinsu sun tsattsage, suka shiga fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar tsiro bayan ruwan fari. Malamin makarantar da a da yake ganin hawan keke zubar da girma ne, da ma'aikacin da albashinsa ya daina kai shi ƙarshen wata a kan babur, da ɗalibin kwalejin Waziri Umaru wanda kuɗin kabu-kabu ya gagara, duk larura ta mayar da su kan sirdin da iyayensu suka hau. Da kasuwar ta buɗe kuwa, sai kekunan gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, suka yawaita, ana kawo su daga ƙasashen da aka yi su domin wata irin rayuwa dabam da tamu.

A cikin irin waɗannan ne na fara ganin abin da ya jawo wannan sharhi. Wata rana da hantsi ina zaune kan benci a wurin wani dattijo mai gyaran keke, ƙarƙashin dogonyaro, ina jira ya yi mini faci, sai ga wani saurayi ya turo sabon kamunsa, keke mai giya da ƙahonni a lanƙwashe, yana ƙorafin cewa kome na keken ya yi masa sai wurin taka ƙafa. Muka leƙa, sai muka ga a maimakon faffadar fedar da kowa ya sani, wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne wanda bai fi kwalin ashana ba, da baki a buɗe, da sifirin a ciki. Dattijon ya juya shi da yatsa, ya danna bakin da sukurudireba, bakin ya buɗe ya koma ya datse, ƙas. Ya dubi saurayin ya ce, “Yaro, wagga ba feda ta ba, tarkon kusu na.” Muka yi dariya. Amma da na koma gida na yi ta tunani, sai na ga dattijon, ba tare da ya taɓa karanta kome a kan abin ba, ya faɗi haƙiƙarsa, domin kuwa tarko ne, illa dai ƙafar mutum aka ɗana wa shi, kuma da yardar mai ƙafar.

Ga yadda abin yake. Wannan feda rabin na'ura ce, ɗaya rabin yana jikin takalmi. Akwai takalmi na musamman mai tauri a tafi, wanda ake ɗaura wa wani ɗan haƙori na ƙarfe ko na roba mai ƙarfi da noti biyu ko uku, daidai ƙarƙashin tudun da ke bayan yatsu. Idan mahayi ya ɗora ƙafa ya danna, haƙorin ya faɗa bakin fedar, sifirin ya datse, to ƙafa da keke sun zama abu guda, ba ta zamewa gaba, ba ta ɗagawa sama, ba ta fita sai an murɗa diddige waje. Saurayin nan an sayar masa da kwaɗo ne ba mabuɗi, gama takalmin ya tsaya can a ƙasar da keken ya fito, wataƙila ma a ƙafar mai shi.

Asalin abin kuwa daga fagen tsere ne. Tun farkon ƙarni na 20 masu tseren keke a Turai suke cusa yatsunsu cikin wani ɗan keji na ƙarfe su ɗaure da igiyar fata, kuma wanda ya ɗaure da kyau ba ya kwancewa sai ya sunkuya ya sa hannu. A 1971 kamfanin Cinelli na Italiya ya fito da wata feda mai datse takalmi ba da igiya ba, amma ita ma sai an sa hannu take saki, don haka ba ta karɓu a kan titi ba. Wanda ya warware mas'alar shi ne kamfanin Look na garin Nevers a Faransa, wanda sana'arsa ta asali ita ce ƙera maɗaurin da ke riƙe takalmin masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, maɗaurin da ke saki da kansa idan ƙafa ta murɗe. A 1984 ya ɗauko wannan hikima ya ɗora wa keke, a 1985 kuma Bernard Hinault ya ci gasar zagaye Faransa da ita, cinsa na biyar, daga nan sauran 'yan tsere suka bi sahu. A 1990 kamfanin Shimano na Japan ya fito da irin da ake kira SPD, wadda haƙorinta ƙarami ne, a nutse cikin tafin takalmi, har mutum ya iya taka ƙasa da shi. Wani abin dariya shi ne sunan da Turawa suka ba ta yana nufin marar maɗauri, saboda ta kawar da kejin nan da igiyarsa, alhali kuwa ita ma ɗaure ƙafar mutum take yi.

Adalci ne mu fara da hujjojin masu yabonta, kuma mu auna su ɗaya ɗaya, don ba nauyinsu ɗaya ba. Hujjar da aka fi ji a bakinsu ita ce wai da ƙafa a ɗaure mutum yana tura feda ƙasa da ƙafa ɗaya yana jawo ta sama da ɗayar, sai ƙarfinsa ya ninka. Wannan magana tana da daɗin ji, amma awo bai gaskata ta ba, domin waɗanda suka sa na'urar auna ƙarfi a jikin feda sun tarar cewa a tafiya ta yau da kullum, hatta gwanayen 'yan tsere ba sa jan kome sama, iyakarsu su rage nauyin ƙafar da ke tasowa, kuma kusan dukkan aikin yana wurin dannawa ne. Hujjojin da suka tsaya da ƙafafunsu su ne waɗannan: cewa wanda ke juya feda sau 90 ko fiye a minti guda, ko ya miƙe tsaye a kanta yana fizgar gudu, ko yana gangara hanya mai gargada, ƙafarsa ba za ta kuɓuce ba, cewa tafin takalmi mai tauri yana raba nauyi, ba ya barin ƙarfe ya ci tafin ƙafa a doguwar tafiya, kuma cewa ƙafa tana komawa wuri guda kullum, wanda idan an daidaita shi da kyau ya zama sauƙi ga gwiwa, idan kuwa an karkace shi ya zama ciwo mai naci. Waɗannan fa'idoji ne tabbatattu, ba mai musunsu sai wanda bai gwada ba.

Sai dai malamanmu na usulu sun koya mana cewa ƙiyasi ba ya inganta sai illar hukunci ta tabbata a reshe kamar yadda ta tabbata a asali. Ɗan tseren da ke zagaye Faransa yana cin kusan kilomita 3,500 cikin mako uku, a kan gudun da ya kai kilomita 40 a sa'a, a hanyar da aka rufe dominsa, ba akuya, ba mai tura kura, kuma daga inda ya hau zuwa inda zai sauka sa'o'i huɗu ko biyar ne ƙafarsa ba ta nemi ƙasa ba. Mutumin Badariya da zai je aiki, ya biya ta kasuwa, ya sauke yaro a makarantar allo, tafiyarsa duka ba ta wuce kilomita biyar ko shida ba, a kan gudun kilomita 12 zuwa 15, kuma Birnin Kebbi ba gari ne mai hawa da gangara na a zo a gani ba. Illar da ta halatta wa na farko ɗaure ƙafarsa babu ita ga na biyu, ko ƙanshinta.

Amma abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kai shi ne takalmin, gama a nan ne zancen yake, ba a fedar ba. Wanda ya sayi wannan feda bai sayi ƙarfe kawai ba, ya ɗaura wa kansa sharaɗin sa wani takalmi ƙayyadadde duk lokacin da zai hau, kuma takalmin nan an ɗinka shi ne ga mutumin da ke sa takalmi da safe ba ya cirewa sai dare. To mu ƙirga sau nawa Bakabe ke tuɓe takalmi daga asuba zuwa lisha. Salloli biyar, kowace da alwalarta da ƙofar masallacinta. Zauren maƙwabci da aka yi wa haihuwa. Tabarmar ta'aziyya. Gaban malaminsa, inda ba ya ƙarasawa sai ya bar takalmi nesa ya durƙusa. Idan hidima ta kai shi fadar Sarkin Gwandu ko ta Sarkin Kabi, tun daga waje zai tuɓe. Shagon tela, ɗakin mahaifiyarsa, gindin bishiyar da ake cin tuwon rana. Wanda ya ƙirga da gaskiya zai tarar ya haura goma sha biyar bai sani ba. Ba don talauci kawai mutanenmu suka zaɓi fade da silifa ba, har da masu hali a cikinsu. Takalmi ne da ake zarewa ba tare da an sunkuya ba, a mayar ba tare da an zauna ba, kuma rayuwar da aka gina a kan tsarki da gaisuwa irin wannan takalmi take buƙata. Ka ɗora a kan wannan zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a kwarin Rima, ka ce wa mutum ya rufe ƙafarsa cikin safa da takalmi mai igiya domin ya je sayen albasa.

Wani aboki mai son raha ya taɓa ce mini, to ai sai a riƙa shafa a kansa kamar huffi, a huta da cirewa. Na ce masa ko a nan ma bai tsira ba, domin sharuɗɗan da Mukhtasar na Shaihu Halilu ya kawo a mazhabarmu sun haɗa da cewa huffin ya zama na fata, ya rufe idon sawu, kuma ya zama wanda ake iya yin tafiya da shi bisa al'ada. Takalmin tsere bai kai idon sawu ba, galibinsa ba fata ba ne, irin mai noti uku ɗin nan kuwa, wanda haƙorinsa ke a fili, duk wanda ya ga mai shi yana ɗingisa a kan siminti kamar agwagwa, yatsu sama diddige ƙasa, ya san sharaɗin tafiya ma ya faɗi.

Sai batun tsayawa, kuma a nan ina magana ne da bakin wanda ya ɗanɗana. Son sani ya sa na ari irin wannan keke da takalminsa daga wani ƙane nawa mai sha'awar tsere, na yi kwana biyu ina koyon datsewa da saki a tsakar gida ina dafe da bango, har na ga na ƙware. Rana ta uku na fita. Kome ya tafi daidai, har ma na fara raina masu tsoro, sai da na zo wata mararraba kusa da kasuwa, mai keke Napep ya ci birki a gabana ba ishara, tunkiya ta ratso ta hagu. Na kama birki, keke ya tsaya cik, ƙafata ta yi abin da ta saba yi shekara arba'in, wato ta ɗaga sama za ta nemi ƙasa, fedar kuwa ta ce ba ta san wannan yare ba. Na tuna ina kallon ƙasa tana tasowa a hankali, ina da lokacin yin salati amma ba ni da lokacin murɗa diddige, har na kwanta a gefe guda, keke a tsakanin ƙafafuna, hulata ta gangara gindin tiren wata mai gyaɗa. Yarinyar ta ɗauko ta kakkaɓe ta ce, “Sannu Baba, ko jiri ne?” Na ce mata jiri ne. Masu wannan harka a Turai sun yi ijma'i cewa kowa sai ya yi irin wannan faɗuwa sau ɗaya ko biyu, suna ɗaukarta abin dariya, kuma lalle abin dariya ce idan a gefen hanya marar kowa aka yi ta. Idan kuwa tirelar shinkafa ce ke biye da mutum, ko ɗansa na zaune a kariya, ko shekarunsa sun kai inda ƙashin ƙugu ba ya ɗoruwa da sauƙi, to ba ta da ban dariya. Ƙa'idar nan ta malamai, cewa tunkuɗe ɓarna shi ke gaba da jawo amfani, ba ta taɓa samun misali mai sauƙin fahimta kamar wannan ba.

Ƙasar kanta ma ba ta goyon baya. Da zarar an sauka daga kwalta an shiga lungu, yashi ne, kuma mai keke a yashi yana tafe ne ƙafa ɗaya a feda ɗaya tana dogara ƙasa. Yashin nan da ƙurar hunturu suna shiga bakin sifirin, wani lokaci su hana shi datsewa, wani lokaci, wanda ya fi muni, su hana shi saki. Manomin da ke gangarawa fadama wajen Zauro ko bakin Matan Fada, ya shiga laka har ƙwauri ya fito, ya ɗora buhun shanshera ko jarkoki huɗu a baya, ba ya neman abin da zai riƙe masa ƙafa, abin da yake nema shi ne ya iya diro da ita kafin kaya su rinjaye shi. Kuma keke a gidan Bahaushe ba na mutum ɗaya ba ne: maigida ya je aiki da shi, da la'asar a aiki yaro niƙa, maƙwabci ya ara ya kai saƙo Ambursa. Feda mai neman takalmi ɗaya, lamba ɗaya, ta mayar da dukiyar gida ta zama ta mutum guda. Kuɗin fedar da takalmin kuwa, in aka haɗa, yakan kai kuɗin keken gwanjo sukutum ko ya zarce, haƙorin kuma yana cinyewa, ba kuwa a teburin mai gyara za a same shi ba.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne kakanninmu sun riga sun yi wannan muhawara a kan dabba mai rai. Duk wanda ya tsaya kallon hawan salla a Argungu ko a Birnin Kebbi, ya dubi likkafar mahaya da kyau, zai ga faffada ce kamar ƙaramin jirgi, tafin ƙafa duka yana zaune a ciki, baki a buɗe gaba da baya. Mutanen da suka yi yaƙi a kan doki tun zamanin Kanta, waɗanda suka fi kowa buƙatar ƙafa ta zauna daram yayin sukuwa, ba su ɗaure ta ba, saboda sun san babu mutuwar da ta kai ta wanda doki ya kayar ƙafarsa na maƙale yana jansa. Sun nemi zama daram ta hanyar faɗi, ba ta hanyar kulle ba. Da Bature ya kawo Raleigh daga Nottingham, keken da ya karɓu har aka kafa masana'antar haɗa shi a Kano, da kuma Phoenix na Sin da Hero na Indiya da suka biyo baya, dukkansu da faffadar feda mai dunƙulen roba suka zo, mutanenmu kuma suka kira abin dokin ƙarfe suka hau da babbar riga.

Kada kuma a ce wannan ra'ayin wanda bai ci gaba ba ne. A Amsterdam da Kopenhagen, biranen da aka fi misali da su wajen hawan keke a duniya, ma'aikata da ɗalibai da tsofaffi da takalmansu na kullum suke hawa, a kan feda irin tamu. Kusa da mu ma, a Wagadugu, inda keke ya cika titi kuma ƙasar ke shirya gasar zagaye Burkina Faso tun 1987, 'yan gasar ne ke datse ƙafa, masu kai kaya kasuwa da silifa suke tafiya.

To wa ta halatta wa? Akwai shi, kuma ba na so a ce na rufe masa ƙofa. Saurayin da ya ga Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku da koriyar riga a gasar Faransa ta 2024, ko ya ga Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya a gasar Olimfik ta Faris a 2024, har zuciyarsa ta raya masa cewa shi ma da ƙafafu aka haife shi, wanda ke tashi bayan sallar asuba ya kama hanyar Argungu, kimanin kilomita 50, ya juyo kafin rana ta yi zafi, wannan illar hukunci ta tabbata a kansa, fedar kuma haƙƙinsa ce. Shawarata gare shi ita ce ya zaɓi irin mai noti biyu wadda ake iya tafiya da takalminta, ya sassauta sifirin zuwa ƙarshen sassauci tun da akwai ɗan noti domin haka, ya nemi haƙorin da ke saki ta kowace fuska aka fizge shi, ya bar wa diddige ɗan wurin motsi saboda gwiwa, kuma ya saba da sakin ƙafa ɗaya tun yana hango mararraba, ba sai ya iso ba. In kuwa keke ɗaya gare shi, na tsere da na aike, akwai feda mai fuska biyu, ɗaya mai baki ɗaya shimfiɗaɗɗiya, wadda za ta karɓi takalmin tsere da asuba ta karɓi fade da azahar.

Sauran jama'a kuwa, idan ana son a yi musu maganar feda mai amfani, to ba wannan ce mas'alarsu ba. A tsaya a bakin kasuwa rabin sa'a a dubi ƙafafun masu wucewa. Za a ga da yawa robar fedarsu ta daɗe da zubewa, saura sandar ƙarfen tsakiya kawai, ta sha taku har tana ƙyalli, mutum yana murza ta da silifa ko da tafin ƙafa tsirara, in ruwa ya sauka ta zama santsi, ƙafa ta kuɓuce, ƙarfe ya daki ƙwauri. Wasu boris ɗinsu ya watse, feda na kuka a kowane juyi. Wasu hannun fedar ke girgiɗi saboda 'yar ƙusar da ke riƙe shi ta cinye. Faffadar feda mai 'yan haƙora a fuska, wadda ke kama tafin kowane irin takalmi ba tare da ta kulle shi ba, tana ba da mafi yawan abin da ake yabon waccan da shi, a kan kuɗin da bai kai ushirinsa ba, kuma da yake ramin da ake murɗa feda a ciki girmansa ɗaya ne a galibin kekunan manya, sifana mai lamba 15 ta isa a musanya. Abu guda ne ke ruɗa wanda bai sani ba: fedar hagu a juye ake murɗa ta, inda ka saba ɗaurewa nan ne kwancewarta.

Haka dattijon nan ya yi wa saurayin a gabana. Ya kwance ta dama, ya zagaya ya kwance ta hagu ta hannun da yaron ya rantse ɗaurewa ne, ya shafa giris, ya ɗaura masa baƙaƙen feda biyu na roba. Tsofaffin kuwa ya riƙe su a tafin hannu yana jinjina nauyinsu, ya ce ƙarfen na kirki ne, boris ɗin ciki ma bai taɓa ganin mai laushinsa ba. Ya zura su a waya ya rataye jikin dogonyaron, kusa da tsofaffin sarƙoƙi. Ran nan da na koma yin faci suna nan, ƙura ta rufe bakinsu, ya ce har yanzu yana jiran mai takalmin.